Tayoyin da Na Hana a Canja

Mijina direban bas ne a Paris. Layi ɗaya ya yi ta bi, ya tashi daga unguwarmu Bobigny ya koma Bobigny, har yakan ce ko an ɗaure masa ido ya san kowane rami. Burinsa guda ne, kuma ya ishe mu da zancensa: in ya yi ritaya ya kama doguwar hanya da hannunsa, ya ga ƙasar nan da ya tsufa a cikinta bai gani ba. Saura shekara biyu ya ajiye aiki ya sayi karaban, ɗakin nan mai taya biyu da mota ke ja, da gado da murhu a ciki. Sabuwa dal, ko ledar katifa ba a cire ba, ni ma na hana a cire.

Kwana uku da kawo ta, na sauko na tarar da shi tsugune da tabarau, yana karanta ƙananan rubutun da ke jikin taya. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa, ya ce zai kai ta garaj a canja tayoyin duka biyu, a sa masu ƙarfi.

"Mi ya samu waɗanga?" na ce.

"Ba komi. Na kamfani ne, nauyin karaban ɗin suke ɗauka da ɗan kaya kaɗan. Ke kuwa na san lodinki."

Na yi dariya har da dafa bango. Ni 'yar Maradi ce. A wurinmu taya sai ta gama rayuwarta a Turai take zuwa, a yi mata faci, a sake yi, har zare ya fito, sannan a yanka ta a yi takalmi. Mahaifina ya shekara da shekaru yana jigila zuwa Zinder, ban taɓa ganinsa da taya mai gashin roba a jiki ba. Yau kuma mutum ya cire sabuwa fil don ya sa wata sabuwa? Na ce masa zama da Nasara ya taɓa shi. Na ce almubazzaranci ne, kuma na san inda kalmar take sukarsa, shi ya sa na zaɓe ta.

Da a nan na tsaya da sauƙi. A wajen wani suna na ba mata labarin, na ƙara masa gishiri, aka yi ta shewa. Matan suka kai wa mazajensu. Ranar Juma'a wani Alhaji, dattijon da duk 'yan ƙasarmu a unguwar ke jin nauyinsa, ya tare shi a ƙofar masallaci cikin mutane.

"Malam, an ce kana gyaran abin da bai ɓaci ba. Waɗanda suka ƙera ta ba su kai ka sani ba kenan?"

Aka kwashe da dariya. Mijina mutum ne mai kunya, ya fi son a mare shi da a yi masa dariya. Ya dawo gida, ya buga wa garaj waya ya ce ya fasa. Ni kuwa daɗi na ji, wallahi, na ɗauka na ci nasara.

Da zafi ya shigo, ɗiyarmu ta gama karatu a Villeurbanne, ta sami aiki, ta kama ɗaki a Vaulx-en-Velin, duk a gefen birnin Lyon. Muka ce tafiyar farko ta karaban a kai mata kaya. Ni na yi lodin. Buhunan shinkafa, jarkokin mai, manyan tukwane, keken ɗinki, firigo, har da turmin da na zo da shi daga gida. Yana tsaye yana kallon tayoyin suna ƙara kwanciya.

"Hajiya, a rage."

"Wanne zan rage? Ɗiyar taka ce ba ta cin abinci?"

Ya ƙara musu iska, muka yi bismilla muka kama hanyar Lyon. A hankali yake tuƙi, manyan motoci na wuce mu. Duk wurin hutawa sai ya tsaya, ya zagaya ya taɓa taya da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓi. Na ce masa in haka za mu yi sai Sallah za mu isa.

Bayan azahar, kwalta ta ɗauki zafi, saura kamar awa guda mu shiga Lyon. A wata gangara na ji ƙara kamar ta bindiga, tayar karaban ta fashe. Karaban ɗin ta yi hagu, ta yi dama, ta fizgi bayan motar. Na ji yana salati da ƙarfi yana kokawa da sitiyari, sai ƙarfen gefen hanya ya taso mana. Da na farfaɗo, shinkafata ce warwatse a kan titi. Ni ƙujewa kawai na yi a goshi. Shi kuwa hannunsa na dama yana ƙarƙashin ƙarfe, sai da masu kashe gobara suka yanka motar suka zaro shi.

A asibitin Lyon wani jandarma ya zo da takarda yana tambayar wa ya yi lodi. Na buɗe baki, mijina ya riga ni daga kan gado ya ce shi ne. An ceci hannun, amma yatsun ba sa rufewa. Likitan wajen aiki ya ce ba bas, ba mota, har abada. Shekara biyun ma bai cika ba.

Mutane sun zo jaje a Bobigny, falo ya cika. Alhajin nan ma ya zo, ya ce ƙaddara ce, kowa ya ce haka ne. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa musunta ba. Amma ina sane da hannun da ya ɗora turmin nan, kuma duk wanda ya ce mini sannu ji nake kamar ya zage ni.

Ni ce na koyi tuƙi da furfurata, ni ke kai shi gashin hannu sau biyu a mako. Yana zama a gefena, hannun a cinya, ba ya gyara mini ko da na yi kuskure. Shirun nan ya fi komai cina. Wata rana na kasa, na taka birki a bakin titi na kashe mota.

"Don Allah ka faɗa," na ce. "Ka ce ni ce. Ka faɗa ko sau ɗaya in huta."

Ya mai da idonsa kan hanya.

"Ke ba ki sani ba," ya ce. "Alhaji ma bai sani ba. Ni na sani. Na sani sarai, na tada mota da ke a ciki, don kar a yi mini dariya."

Na so ya ba ni laifin in ɗauka, ya hana ni, ya riƙe abinsa shi kaɗai. Wata mota ta yi mana ham daga baya.

"Ki ja mu tafi," ya ce. "Kin tare wa mutane hanya."