Lambar Sirrin Ƙanena

A Gwaram, in mutum ya sayi babbar waya, shagon mai caji yake kai ta. Mai shago ya buɗe masa imel, ya sa masa lambar sirri, yawanci lambar layinsa ce kawai. Asirin rabin gari na hannunsa, kuma ba wanda abin ya dama sai ni, malamin makarantar da ya zauna Birnin Kudu har kansa ya fara girma.

Ƙanena ɗan acaɓa ne. Da ya sayi tasa wayar, na zaunar da shi a zaure na yi ta yi masa wa'azi. Na ce ya canza lambar, ya sa wadda ko ni ban sani ba. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, me gare ni da za a sata? Hoton babur?" Na matsa masa lamba har ya juya mini baya ya canza. Na koma Birnin Kudu ina jin na yi abin kirki.

Wata ranar kasuwa ya ɗauki fasinja zuwa wajen Fagam, bai dawo ba. Ba shi, ba babur, waya a kashe. Muka bi ƙauyuka, muka leƙa asibitoci, aka yi cigiya a masallatai.

Wani ɗan sanda ya gaya mana irin wannan waya takan aika labarin duk inda ta bi zuwa rumbun kamfaninta. Da lambar sirri, nan take za mu gani. Muka garzaya shagon mai caji, ya gwada tsohuwar lambar, ta ƙi. Ni dai ban iya ɗaga kai ba.

Na ce to, a tambayi kamfanin mana. Ɗan sandan ya ce rumbun yana wata ƙasa, kuma takardar kotunmu ba ta aiki a can. Sai an rubuta wa Abuja, Abuja ta roƙi gwamnatin can, alƙalinsu ya duba ya ga ko ya yarda. Na san an yi dokar ne don kada kowane mai kaki ya riƙa leƙa asirin mutane. Sanin bai rage mini komai ba, don ni na kulle ƙofar da take kusa, aka bar mu da ta bangon duniya.

Inna na tsince wake na yi mata bayani, ina kwana-kwana. Ta ce, "Wato akwai waɗanda suka san inda ɗana ya bi?"

Na ce akwai.

"Kuma sun ji uwarsa na nema?"

Na ce takarda na hanya. Ta ce, "Yaron nan bai taɓa ɓoye maka komai ba. Yi tunani dai, ƙila ya faɗa maka lambar ka manta."

Bakina ya kasa gaya mata ni na hana shi. Na ce, "To Inna, zan yi tunani." Har yau, duk Juma'ar da na je gida, kafin ma in cire takalmi take tambayata ko na tuna.