Mutumin da Ya Ƙi Goge Motar Misbahu

Kafin direbobin tashar Talata Mafara su gama shan kokon safe, Malam Falalu ya riga ya buɗe ɗan shagonsa da ke jikin katanga, ya share, ya kunna kwamfuta, ya gyara zaman tabarau. Daga nan sai kallon taswira har la'asar. Duk motar da ya sa wa na'urar bin sawu, wadda direbobi ke ce wa tiraka, tana fito masa a matsayin ɗigo: kore in tana tafiya, ja in ta tsaya, ruwan toka in ta yi shiru. Na'urar ba ta fi akwatin ashana ba. Tauraron ɗan'adam ne ke faɗa mata inda take, ita kuma ta aiko da labari ta layin waya.

A da mai wayarin mota ne, shekara ashirin yana kwance ƙarƙashin sitiyari. Da 'yan bindiga suka addabi hanyoyinmu, shi ya koyo wannan aiki ya kawo mana. In ya ga motoci biyu uku sun yi ja wuri guda a hanyar Maradun, inda babu kasuwa babu masallaci, sai ya hau kiran na baya ɗaya bayan ɗaya. Jatau, direban Bakura, ya ce sau biyu wayar Malam Falalu tana juyo da shi daga bakin halaka, kuma ko ruwan leda bai taɓa saya masa ba.

A watan nan zai rufe shagon. Ido ya gaza, likita ya hana shi kallon kwamfuta. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ya yi wa Misbahu tun yana iya jin godiyarmu.

Misbahu direba ne, yana jan akori-kurar wani ɗan kasuwa, Alhaji Sadi. A daminar da aka rufe layukan waya a jihar nan, duk ɗigon da ke taswira ya koma ruwan toka rana guda. Cikin kwanakin ne Misbahu ya ɗauko albasa daga Bakolori zai kai Maradun, bai kai ba, bai dawo ba. Babu wanda ya kira neman fansa, babu gawa. To, kun san bakin mutanenmu. Kafin sati biyu an gama shari'a a teburin mai shayi: ya ga na'ura ta makance, ya tsallaka da motar mutane Nijar. Har da masu rantsuwa sun gan shi a Maraɗi, mutanen da ko Illela ba su taɓa zuwa ba.

Matarsa Shamsiyya ita ta sha wannan dafi. Ba matar mamaci ba da za a yi wa ta'aziyya, ba matar rayayye ba da za ta sa ran sallama. Matar ɓarawo kawai, haka ake nuna ta a gidan suna.

Da aka buɗe layi, ɗigon kowa ya farfaɗo sai na Misbahu. Alhaji Sadi ya zo shago da kansa.

"Malam Falalu, goge motar ga daga na'urarka. Na haƙura. Ba ni son ina ganin sunan yaron nan."

"Alhaji, ka yi haƙuri. Motar taka ta, amma ban ga inda ta tsaya ba. Abin da ban gani ba, ba ni goge shi."

Malam Falalu, kai ne ka ci gaba da sa wa layin na'urar kati daga aljihunka don kada a rufe shi. Kai ne kake duba ɗigon nan kullum kafin na kowa. Ranar Talata in Shamsiyya ta shigo kasuwa, takan tsaya bakin ƙofarka da ɗiyarta a goye, a yi doguwar gaisuwa, sannan ta ce, "Baba, ko akwai motsi?" Da wani ne, da ya sanyaya mata rai da ƙarya. Kai sai ka ce, "Babu, ɗiyata. Amma ban rufe ba."

Wata biyar da 'yan kwanaki bayan ɓatan Misbahu, wata Laraba da hantsi, ɗigon ya yi ja. Ashe motar tana yashe a wani ƙauye bayan Janbako da mutanensa suka watse. Da suka fara komawa, wani makanike ya sa mata batir don a kawar da ita daga hanya. Na'urar ta farka, ta amayo duk tafiyar da ta adana tun ranar da ta rasa layi.

Malam Falalu ya daɗe yana kallon zanen bai gane ba. Motar ta saki titi ta shiga ƙauyen, ta fito bakin titi, ta koma, ta sake fitowa. Sau uku tana kai da komo. A na huɗu ta shiga, ƙarfe biyu da minti goma na rana injin ya mutu. Wane ɓarawo ne ke zirga-zirga haka?

Bai gaya wa kowa ba. Washegari ya roƙi Jatau ya kai shi. Wani dattijo a ƙauyen ya nuna musu tudun ƙasa gindin tsamiya.

"Ranar da 'yan bindiga sunka shigo muna, direban ga ya zubar da albasarshi bakin hanya, ya dinga kwasar mata da yara shina kai su titi. Sahu ukku ya yi. Munka ce mashi ya isa haka, ya ce akwai saura. Nan anka harbe shi. Mu munka rufe shi kahin mu gudu, ko sunanshi ba mu sani ba."

Malam Falalu ya ce, "Misbahu sunanshi." Ya zauna a ƙasa ya yi kuka, dattijo mai furfura, bai ɓoye ba.

Shi ya kai labarin gidan Misbahu, tare da limamin unguwa, takardar taswira a hannunsa. Shamsiyya ta saurara daga bayan labule har ya gama.

"Ke nan bai gudu ba, Baba?"

"Bai gudu ba. Mutum arba'in da wani abu ya fitar."

Ta yi hamdala. Can ta tambayi liman yaushe za ta shiga takaba. Liman ya karɓi takardar, ya duba ranar da injin ya mutu, ya ƙirga da yatsu. Sannan ya ce daga ranar rasuwa ake lissafi, wata huɗu da kwana goma sun riga sun wuce.

Ta ce, "Ashe ko takabar ma ban samu na yi mashi ba."

Wannan magana har yau tana ci wa Malam Falalu rai. Yakan ce da ya san inda zai nema da wuri, da bai bar ta haka ba. Malam, ba laifinka ba ne. Laifin namu ne, mu da muka yanke wa bawan Allah hukunci muna kurɓar shayi.

Ranar Juma'a ya manna takardar a ƙofar ofishin tasha. Alhaji Sadi ya karanta, ya cire hula, ya wuce gidan mamacin neman gafara. Masu ganin mutum a Maraɗi kuwa, sai sunkuyar da kai.

Mun gode, Falalu mai riƙon amana. Allah Ya ba idonka lafiya, Ya saka maka da abin da mu ba mu iya ba. Ku kuma masu tasowa a wannan sana'a, ku koyi haɗa waya a wurinsa, amma ku fara koyon kame baki a kan wanda ba ya nan balle ya kare kansa. Ɗiyar Misbahu ta shiga makaranta bana. Da malama ta tambaye ta sunan mahaifinta, da ƙarfi ta faɗa.