Ai Likita Suga Ya Ce

Ƙarshen kaka ne, an gama yankan gero, rake ya fara shigowa gari. Shekarar ta yi albarka a gona, kowa ka gani fuskarsa a sake. Ni kuwa ban samu kwanciyar hankali ba, saboda babban yatsan ƙafar Malam, maigidana.

Dillancin shanu yake yi a kara. Wata Juma'a, ranar kasuwa, bijimi ya taka shi. Ɗan ciwo ne wanda in a da ne, da tuni ya bushe. Wannan ya ƙi. Na gasa da ruwan zafi, na shafa duk abin da maƙwabta suka kawo, kullum sai ƙara ruwa yake yi. Da ƙyar na lallaɓa shi muka je asibiti. Aka ɗebi jini, likita ya ce ciwon suga ne, shi ya hana ƙafar warkewa. Ya rubuta magani, ya ce, "Malam, daga yau ka bar suga."

Wata ma'aikaciyar jinya ta ja ni gefe ta yi mini bayanin girki. A rage tuwo, a yawaita ganye da wake, a sassauta mai. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koyi haɗa baƙi, amma abin da aka faɗa mini ina riƙe shi da kyau. Na koma gida na raba tukunya biyu, tamu da ta Malam. Kwaɗon zogale, faten wake da alayyahu, ɗan malmalar tuwon alkama da miyar kuɓewa, kifin kogi in an samu. Hayaƙin murhu biyu nake sha kullum, ban taɓa yin ƙorafi ba.

Shi ma, a gaskiya, ya bar suga. Kokonsa haka yake shan sa salam. Har ina jiyo shi a zaure yana gaya wa abokansa, "Ni fa yanzu ko ƙwayar suga ba ta shiga bakina." Suna ta sa masa albarka.

Amma ƙafa ba ta warke ba. Yatsan har ya fara duhu.

Ranar da na gane bakin zaren, wanki zan yi. Na ɗauko babbar rigarsa daga jikin ƙusa, sai na ga tururuwa sun yi layi zuwa aljihu. Na sa hannu, na ciro guntun mazarƙwaila an gatsa gefe guda. Na daɗe ina kallon ta. Ni ba mai ɗaga murya ba ce, iyayena ba su koya mini ba. Na jira ya dawo, ya ci abinci, sannan na ajiye ta a gabansa.

"Malam, wannan fa?"

"Mazarƙwaila ce mana. Ƙanena ya aiko daga Darki."

"Ba an hana ka ba?"

Ya dube ni kamar ni ce mara lafiyar. "Ke, likita suga ya ce. Suga fari ne, a leda yake zuwa. Wannan ruwan rake ne aka dafa, abin gona."

"To shi sugan da me ake yin sa?"

"Oho. Ki tambayi masu inji."

Da na bi shi a hankali, ashe kullum in rana ta take a kara sai ya sha sandar rake. Ashe furar da yake sha a can da zuma ake dama masa. Da na yi maganar zumar, ya ɗaga yatsa. "A'a, kada ki shiga hurumin da ba naki ba. Zuma waraka ce." Na ce ban musa ba, amma ai ko magani yana da mai shi. Ya ce wai tun da na iya karatu na zama likita.

Na haɗiye. Wallahi na haɗiye.

Ranar komawa asibiti, likita ya kwance ƙafar, ya duba gwajin jini, ya ɓata rai. Malam ya riga shi da rantsuwa cewa ya bar suga. Ban saba magana a gaban maza ba, amma na matso.

"Likita, don Allah kada ka ce masa suga. Ka ce masa zaƙi."

Likita ya dube ni, ya dube shi. "Malam, me kake sha?"

"Ba komai. Ɗan rake."

"Da mazarƙwaila," na ce. "Da zuma."

Likita ya dafe kai. Ya ce duk kanwar ja ce, jini bai san fari da ja ba, zaƙi kawai ya sani. Ya ce in aka ci gaba haka, yatsan nan sai an cire shi, in an yi sa'a ya tsaya a yatsa.

"Har rake?" in ji Malam, murya ƙasa-ƙasa.

"Har rake."

Muka kamo hanya. Da muka shiga gida, ya ga yara suna cin shinkafa da mai da yaji, ya tsaya. "To ni kaɗai ne akuya a gidan nan? Ku ci daɗi, ni a tara mini ganye?" Sai na ga ba gardama ce kaɗai ke damun sa ba. Mutumin da ya saba a zuba masa daga tukunyar kowa, an ware shi kamar baƙo.

Washegari da safe murhu ɗaya na hura. Na dafa wake da zogale na gida duka, na dama koko ba zaƙi, yara suna ta kumbura baki. Na kai wa Malam nasa, na kawo ruwan ɗumi zan wanke ƙafar. Ya kurɓi kokon, ya yi gyaran murya.

"Amma dai kin lura bai ambaci dabino ba."

Na ajiye butar. Na fita tsakar gida na tsaya wajen randa har zuciyata ta sauka. Sannan na koma na durƙusa na kwance bandejin.