Taku Ɗari Huɗu na Kawu Sale

Williamsville

Ƙarfe biyar da minti ashirin, muna idar da sallar asuba, muka fito daga gida ni da Kawu Sale, yayan mahaifiyata. Ku mutanen Maradi kun dame ni da tambayar abin da ya sami teburinsa, to ga yadda aka yi. Shekara talatin da ɗaya yana sayar da taba da goro a Treichville, kan hanyar tashar jiragen ruwa. Sai ofishin magajin gari ya aiko masa da takarda, wai teburin tabarsa ya yi kusa da makaranta, ya zo ranar Talata. Ni aka ɗauko don na fi shi Faransanci.

Muka shiga woro-woro, tasin nan da ake haɗa fasinja, dala hamsin kowa. Unguwa shiru, fitilu sun yi dishi-dishi cikin raɓa. Kawu kuwa bakinsa bai huta ba.

"Na auna da ƙafata, ɗan nan. Daga teburina zuwa ƙofar lakwal taku ɗari huɗu da sha biyu. Sau uku na ƙirga. Mi za su ce mini?"

Adjamé

Shida saura kwata muka sauka bakin tasha. 'Yan dako da 'yan kamasho suka yanyame mu, wani har ya rantse mota ta cika sai mu biyu, alhali bai tambayi inda za mu ba. Muka tsaya wajen wani ɗan Tawa mai sayar da garba, wato aceke, dambun rogon nan, da soyayyen kifi, ya zuba mana na dala ɗari. Na ci nawa, na ci rabin na Kawu, don shi hankalinsa na kan takun nan nasa.

Bas ya tashi shida da rabi, dala arba'in. Kafin gada 'yan sanda suka tsayar da motocin da ke gabanmu, muka yi minti goma. Ban ji haushi ba. Hazo ya kwanta bisa ruwa, manyan jirage suna tsaye a cikinsa kamar gidajen bene da aka manta da su. Barci ya fara fizgata, na ga kakarmu zaune tana goga furen taba a haƙora, tana dariya da jan baki. Birki ne ya farkar da ni. Kilomita bakwai ke nan daga Adjamé.

Treichville

Takwas aka buɗe ofis. Wata ma'aikaciya mai tabarau ta saurare mu har ƙarshe, ta kuma girmama Kawu da kiransa Papa. Da na fassara mata lissafin takun, sai ta ɗauki jakarta ta ce mu je ta gani.

Kawu ya shige gaba. Daga teburin ya bi titi, ya karya kwana ta gaban masallaci, ya sake karyawa, yana ƙirgawa da ƙarfi har bakin babbar ƙofa. Ɗari huɗu da sha biyu cif. Ya dube ni, ya gyara hula.

Matar ba ta musa ba. Ta mayar da mu wajen teburin, ta ce, "Papa, juya."

Katangar da yake jingina da ita, wadda ya kafa wa ƙusa yana rataya buta, ita ce bayan makarantar. Ya san da haka mana, amma shi a wajensa gida daga ƙofa ake auna shi, kamar yadda ake sallama. Can gefe kaɗan an huda wata 'yar ƙofa bara. Ana buga ƙararrawar tara, yara suka ɓullo ta nan, suka kewaye teburin suna neman alewa. Wasu 'yan mata biyu suka ɗauki tabar lantarkin nan mai ƙamshin mangwaro da dillali ya kawo masa kwanan baya, suna sansanawa suna dariya. Kawu ya karɓe ta a hankali. Ban taɓa ganin kunya a fuskarsa irin ta ranar ba, har ni ta kama ni.

Ma'aikaciyar ta ce zaɓi biyu ne. Ko tebur ya zauna ba taba, ko taba ta tashi da tebur zuwa nesa. Kawu ya daɗe yana kallon hanyar da 'yan dakon jirgi suke bi.

"Nan duk baƙon da ya sauka daga gida yake iske ni," ya ce. "Kwashe tabar, ɗan nan."

Na zuba kwalayen a katan. Ban gama ɗaurewa ba sai ga wani dattijon ɗan dako, wanda Kawu ya ce tun yana saurayi yake tsayawa nan kullum. Ya ajiye kuɗinsa, ya ɗaga yatsa ɗaya, alamar karan taba guda.

"Babu," in ji Kawu.

Mutumin ya dubi katan, ya dubi katanga. "Yako, Alaji," ya ce, wato sannu da haƙuri. Ya ɗauki kuɗinsa ya tsallaka titi. Kawu ya bi shi da ido har ya ɓace cikin manyan motoci.

Komawa

Bayan la'asar muka kamo hanya, katan a cinyata, za a mayar wa dillali. Bisa gada rana ta zuba ja a kan ruwa, Kawu ya jingina kai da gilashin mota. Shida da minti goma muka shiga gida. Matarsa ta tarbe mu a tsakar gida tana tambayar ko an tashe shi.

"Ba a tashe ni ba," ya ce. "Gobe ki tashe ni da wuri, in ga wa zai tsaya."

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ku kuma ku sa shi a addu'a.