Kifin da Ya Jira Kaka Wata Shida

Har yau idan aka kawo wuta na ji firiza ta ɗan girgiza ta fara gurnani, sai in ji hankalina ya kwanta, ko da babu komai a cikinta sai ƙanƙara da ragowar miya. Waɗanda nake zaune da su suna yi min dariya a kan haka. Ba su san cewa lokacin ina 'yar shekara goma, a wani bene a unguwar Dukki cikin Alƙahira, gidanmu kaf mun yi wata shida muna kasa kunne ga wannan ƙarar ba.

Babana ma'aikacin ofishin jakadanci ne, aikinsa takardu da hatimi. Amma asalinmu Sarkawa ne na bakin Kwara, can wajen Yawuri. Kakana masunci ne, 'ya'yansa maza biyar, huɗu a ruwa suka girma. Baba ne auta, yana shekara bakwai wani kawunsa ya tafi da shi makaranta, daga nan ruwa sai dai ya gan shi lokacin hutu. A danginmu kuwa akwai al'ada. Ranar da ɗa ya kama babban kifinsa na farko da hannunsa, ba ya yankawa, ba ya sayarwa. Zai kai wa mahaifiyarsa shi ɗungurungum, ta duba, ta sa albarka, ita ce kuma za ta fara sa masa wuƙa. Yayyen Baba duk sun yi nasu tun kafin su yi gemu. Shi ya haura arba'in bai yi ba, mahaifinsa ma ya rasu bai gani ba. In mun je gida, yayyensa sukan ce a shimfiɗa wa ɗan boko tabarma nesa da ruwa kada takalminsa ya jiƙe. Yakan yi dariya, amma na san dariyar Baba ta gaske, wannan ba ita ba ce.

Wanda ya mayar da shi ruwa wani tsohon Bamisire ne da ke hawan da ke ƙasan namu, mai sanƙo da babbar murya, wanda muke kira Ammu kamar yadda yaran benen suke kiransa. Ammu ya yi ritaya, ba shi da aiki sai kifi. Duk bayan 'yan makonni shi da abokansa sukan haɗu su ɗauki hayar jirgi a Sukhna, bakin Bahar Maliya, su yini a teku don nishaɗi. Da ya ji cewa Baba ɗan masunta ne, sai ya rungume shi a kan matakala ya ce ya sami malami. Baba bai iya faɗa masa gaskiya ba. Teku ce ta faɗa masa, don fita uku na farko Baba amai ya yi ta yi daga safe har la'asar. Umma ta ce kada a kuskura labarin nan ya je Yawuri.

A hankali cikinsa ya saba. Ya fara dawowa da ƙananan kifaye a cikin kula, Ammu kuma ya koya wa Umma yadda suke ajiya: a cire ciki, a yanka gunduwa-gunduwa, a tsane da tsumma mai tsabta, a sa na girki ɗaya a leda ɗaya, a matse iskar, a rubuta rana a jiki. Umma ta ji daɗin wannan dabara. Ran da ta gaji sai ta zaro leda ɗaya tun da safe, kafin azahar farfesu ya hau. Abu ɗaya ne Ammu ya kasa gyara wa Baba, wato yadda yake ɗaure igiya. Ammu ya nuna masa ɗaurin Misirawa ya fi sau goma, amma da zarar ya juya baya, yatsun Baba sai su yi wani ɗauri mai zagaye uku da ɗan kunne a gefe. Ammu ya tambaye shi inda ya koya. Baba ya ce shi ma bai sani ba, haka hannunsa yake yi.

Ranar da abin ya faru ina cikin jirgin, don na yi ta naci har aka tafi da ni. Ƙarshen sanyi ne. Mun bar gida bayan sallar asuba, ina naɗe a rigar sanyin Umma, muka ratsa hamada har duwatsu jajaye suka bayyana, teku a ƙarƙashinsu. Ban taɓa ganin ruwa mai wannan shuɗi ba. Jirgin na katako ne, yana warin man inji da gishiri da shayin da matuƙin yake dafawa a wata baƙar buta. Iska tana busar min da leɓe, in na lasa sai in ji gishiri. Ana tafiya a hankali, kowa ya saki igiyarsa a bayan jirgi. Abokan Ammu suna da sandunan kamun kifi masu kyau, Baba kuwa da hannu yake riƙe tasa.

Wajen hantsi igiyar ta fizge shi har gwiwarsa ta bugi katako. Na ga tana gudu cikin tafinsa, na ga jini. Matuƙin ya kashe inji, Ammu yana ta faɗin yalla, yalla, wato maza-maza, yana miƙo hannu zai taya shi. Baba ya ce masa, da wata murya da ban san yana da ita ba, kada kowa ya taɓa. Ya ja, kifin ya ja, sun daɗe suna haka. Da aka jawo shi cikin jirgi sai ga dogon kifi mai sheƙi kamar sabon kwano, bakinsa cike da haƙora, Misirawa suna ce masa darak. Da aka tsayar da shi kusa da ni, ya kai min haɓa. Ƙugiyar ta shige masa sosai, sai Baba ya yanke igiyar daga sama ya bar ta a bakin. Ya zauna yana haki, hannunsa naɗe da hankici, yana kallon kifin.

A gida Ammu ya kawo wuƙarsa da ledoji. Baba ya yarda a cire ciki kawai. Ya ce sauran sai mahaifiyarsa ta zo. Dama an shirya Kaka za ta zo bayan wata biyu a yi mata aikin yanar ido, don idanunta duka biyu sun rufe. Ammu ya ce babu mai hankalin da ke daskarar da kifi haka da kai da wutsiya. Umma ta ce ko da kai ko ba kai, ba zai shiga firjinta ba. A daren nan Baba ya fita ya dawo da wata tsohuwar firiza irin mai murfi a sama, 'yan dako biyu suna zaginta a kan matakala. Aka ajiye ta a barandar ciki, daidai inda kowa zai buga ƙafa. Aka naɗe kifin da leda ninki uku aka kwantar da shi a karkace.

Kaka ba ta zo a wata biyu ba. Da farko fasfo ya makale. Sannan matar ɗaya daga cikin jikokinta ta haihu, ta ce ba ta tafiya sai an yi suna. Sannan azumi ya kama, ta ce ba za ta yi azumi a ƙasar da ba ta san furarta ba. Baba bai gaya mata zancen kifin ba, yana so ta gani da idonta bayan aiki. Ana cikin haka zafi ya shigo, kuma shekarar nan wutar lantarki ta yi ta ɗaukewa a Alƙahira, wata rana sau uku, wata rana sau biyar. Baba ya kafa doka: in babu wuta, ba mai ɗaga murfin. Bargunanmu na sanyi duk suka koma kan firiza. Ranar Juma'a ni da shi mukan je mu sayo sandunan ƙanƙara mu jera a gefen kifin. In ya bugo waya daga ofis, tambayarsa ta farko ita ce ko akwai wuta. Wata rana Umma ta amsa masa da cewa kifi yana lafiya, 'ya'yanka ma suna nan in kana son jin labarinsu.

Umma ta yi mita, amma na sha ganinta tana ɗora tafi a jikin firizar in ta wuce, kamar mai duba zazzaɓin yaro. Ni kaina na tsani kifin nan wasu ranaku, don ina kallon ruwan sanyi ya gagare mu alhali ga ƙanƙara a rufe. Amma ina tsoron ranar da zai lalace, don na san ba kifi kawai Baba zai zubar ba.

Kaka ta iso bayan ƙaramar sallah, 'yar tsohuwa siririya, tana riƙe da hannuna tana kirana ƙawata. Likita ya ce jininta ya hau, sai an jira mako biyu. Muka ci gaba da ɓoye mata. Saura kwana uku a yi aikin, da safe na fito na taka ruwa a baranda. Akwai wuta, amma firizar shiru. Injinta ya ƙone.

Baba ya ɗaga murfin ya danna kifin da yatsa. Cikinsa da sauran ƙarfi, amma bayan ya fara laushi. Mai gyara ya ce sai jibi. Ammu ya hawo da jallabiyar barcinsa ya ce ma'alish, wato ba komai, akwai wuri a firjinsa da na maƙwabta, amma fa sai an yanka, khalas, shi ke nan, babu wata hanya. Baba ya tsaya riƙe da murfin. In ya yanka, ya karya al'adar da hannunsa. In ya jira idon Kaka, kifin ya ruɓe. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, har na fara kuka ban san na fara ba.

Sai muka ji muryar Kaka daga ɗaki.

"Ku kawo min kifin nan."

Baba ya shiga ya durƙusa ya ce, "Inna, wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya min? Tun ranar da na shigo gidan nan nake jin ƙarninsa. Na yi shiru ne in ga iyakar wayonku."

Aka shimfiɗa tabarma da buhu a falo, Baba ya ɗauko shi da hannu biyu ya ajiye a gabanta. Ta fara daga wutsiya, tana auna shi da taƙi, tana ƙirgawa a hankali. Ta shafa jikinsa ta ce santsinsa na tarwaɗa ne. Ta taɓa haƙoran ta ce waɗannan kuma na tsage ne, kifin ƙasar nan bai san danginsa ba. Sannan yatsunta suka ci karo da guntun igiyar da ke bakinsa, suka bi ta har kan ɗaurin. Nan suka tsaya. Ta murza shi, ta sake murzawa.

"Wa ya ɗaura wannan?"

"Ni ne, Inna."

"Ɗaurin ubanku ne. Yayyenka babu wanda ya ɗauke shi, duk na kawunsu suke yi. Kai kana zama a gindin ƙafarsa kana kallo, muna cewa wasa kake."

Ta ce ya miƙo hannu. Ta lalubo tabon igiyar a tafinsa, ta riƙe hannun a kan kifin ta yi addu'a mai tsawo. Baba, da furfurarsa, ya sunkuyar da kai hawaye suna ɗiga a kan buhun. Umma ta ja ni muka shiga kicin. Ammu bai ji Hausa ko kalma ɗaya ba, amma muka same shi a bakin ƙofa yana fyace hanci.

Kaka ce ta fara sa wuƙa, da lalube, kuma ba ta kauce ba. Sauran aka yi shi yadda Ammu yake so tun farko, gunduwa-gunduwa a leda, aka raba a firjin gidaje huɗu. Ba zan yi muku ƙarya ba, kifin bai yi daɗi ba. Wata shida a ƙanƙara ya busar da shi. Umma ta cika masa daddawa da citta, Kaka ta tauna ta ce ta taɓa cin wanda ya fi shi, amma a ƙara mata. Ta hana a ba kowa kan kifin. Bayan an yi aikin idon ya buɗe, Baba ya nuna mata hoton kifin a waya. Ta kalla ta ce hoton ya rage shi, abin da hannunta ya auna ya fi haka. Da ta koma Yawuri kuwa, duk wanda ya zo yi mata barka sai kifin ya ƙara tsawo, har yayyen Baba suka bugo waya suna tambaya ko jirgi biyu aka sa aka jawo shi. A ranar na ji dariyar Baba ta gaske.

Kaka ta rasu shekaru kaɗan bayan mun dawo gida. Ammu ma mun ji labarin rasuwarsa. Yanzu kifin da nake ci a kwali yake zuwa, ban san wa ya kama shi ba, ban san a wace teku ba, sai dai har gobe ina raba shi leda-leda in matse iskar. A Yawuri ma 'ya'yan baffannina yawancinsu sun bar ruwa, masu acaba da masu shago, ban ji an ƙara kai wa wata uwa kifi ɗungurungum ba.

Baba ya yi ritaya, tsufa ya fara kama shi. Da na je masa sallar bara, sai ya fito da ƙugiyar nan daga cikin akwatin takardunsa, da guntun igiyarta, ya ba ni wata sabuwar igiya ya ce in kalli ɗaurin in yi irinsa. Na ce masa ni mace ce, kuma ruwan da na sani shi ne na famfo. Ya ce ba wannan ya tambaye ni ba. Sau uku ina ɗaurawa yana ja yana kwancewa. A na huɗu ya ja da iya ƙarfinsa, bai kwance ba. Sai ya rufe idonsa, ya bi ɗaurin da yatsa, ya murza, ya sake murzawa.