Buhun Murafan Malama Aina'u

An kori Malama Aina'u daga aiki saboda 'yan shekara uku na ajinta ba sa komawa gida da aikin rubutu a jaka.

Laifin ke nan, babu ƙari. Makarantar kuɗi ce a bayan masana'antun Sharaɗa, kuma yawancin yaran iyayensu mata aikin safe suke yi a kamfanin roba ko na biskit. Tun asuba ake tashinsu, a cusa su a adaidaita sahu da ƙullin ƙosai, su iso suna gyangyaɗi. Aina'u ta san wannan, don ita ma ta daɗe tana gyare gefen silifa a wata masana'anta a Chalawa kafin ta koma ta yi karatun koyarwa. Sai ta shimfiɗa musu tabarma su ƙarasa barcinsu tukuna. In sun farka, ta zazzage buhun murafan roba da kamfani ya zubar, su yi ta warewa: jajaye nan, shuɗaye can, ƙarami a kan babba. Ta yi musu waƙa, su yi ta zane da yatsa a farantin yashi.

A haka Mubina, 'yar Ladidi mai shara a masaƙa, wadda tun zuwanta ba ta ce wa kowa uffan ba, ta ɗaga murfi ta ce, "Ja." Aina'u ta juya tana goge ido da gefen mayafi.

Ran nan Alhaji Uba, mai makarantar, ya leƙo ya tarar da rabin aji a kwance.

"Malama, makaranta na buɗe ko ɗakin kwana? Iyaye so suke ran biki su ji an jero musu jihohi da manyan biranensu."

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "hannun da bai iya ɓalle maɓallin rigarsa ba zan damƙa wa fensir? Ku bar su su kai, wallahi za su rubuta."

Ya ce ta kwashi tarkacenta ta tafi.

Yanzu an jere yaran a benci suna kwafar haruffa daga allo, ga bulala a tebur. Mubina ta koma shirunta. Kullum sai an ɓamɓare ta daga zanen uwarta a bakin ƙofa.

Alhaji Uba, da ku 'yan kwamitin iyaye da kuka ja bakinku: ku je gidanta a Na'ibawa ku ba baiwar Allah ɗin nan haƙuri, ku mayar da ita ajinta, da buhunta da tabarmarta.