Mussar da na tsinto a bayan tasha

Washegarin ruwan shuka na shekarar 2000 ne, da hantsi, ina dawowa daga kai niƙa a Ƙauran Namoda, na ji wani ɗan kuka siriri daga cikin kwata a bayan tashar jirgin ƙasa. Na sauke kwanon gari na leƙa, sai ga 'yar kyanwa, mu mussa muke cewa, ta jiƙe sharkaf, laka ta toshe mata ido ɗaya, tana ta ƙoƙarin hawa gefen kwatar tana zamewa. Ban yi shawara da kowa ba. Na naɗe ta a cikin hijabina, wanda a lokacin duk yarinya sai da shi take fita tun da aka ƙaddamar da Shari'a, na ɗora gari a ka na nufi gida.

Inna, mahaifiyata, ta yi faɗan hijabin da ya ɓaci, amma ita ce ta ɗiga mata nono a marfin kwano. Kaka, uwar Baba, wadda maganarta ce doka a gidan, ta dube ta a wulaƙance ta ce, "To, ta dai kama muna ɓera." Na sa mata suna 'Yar Tasha. Kai, ban taɓa ganin halitta mai rawar kai irinta ba! In muka zauna 'yar carafke sai ta faɗo tsakiya ta watsa duwatsun. In Inna tana sheƙar gero sai ta yi ta dambe da ƙaiƙayi. Kaka kuwa ba ta isa ta murza mazarinta ba sai mussa ta yi tsalle ta cafke zaren, tsohuwa ta jefe ta da mafici tana zagi, bakinta kuma yana son yin dariya. A makarantar boko hankalina ba ya kan allo, jira nake a kaɗa ƙararrawa in sheƙa gida in same ta kwance a inuwar rumbu.

Ana tsakiyar noman farko ƙanena Nasiru, wanda bai daɗe da fara rarrafe ba, ya kamu da tari. Tari ne mai shiƙewa, yana yi har idanunsa su firfito. Aka jiƙa saiwa, aka yi turare, aka karɓo rubutu, shiru. Sai wata maƙwabciya ta shigo dubiya, ta ga 'Yar Tasha tana wasa a kan tabarmar yaron, ta dafa ƙirji ta ce ai gashin mussa ya haɗiye, kowa ya san shi ke kawo fuka. Shi ke nan, magana ta zauna. Na yi kuka, na yi rantsuwa cewa zan riƙa kwana da ita a zaure. Har na kawo abin da malamin Islamiyya ya karantar da mu, na matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa da yunwa. Kaka ta ce, "Ke ɗiyar ga, wa ya ce tsare ta za mu yi? Sakinta za mu yi." Baba bai ɗago kai daga gyaran ƙotar fartanyarsa ba. Ni ma ina son Nasiru, to da wane baki zan ce a bar min mussata?

A wajenmu ba a yar da mussa a kusa, don sai ta riga ka komawa gida. Sai an sa ta a buhu kada ta ga hanya, an kuma ƙetare gulbi da ita. Kawu Sani, ƙanen Inna, direban motar kasuwa ne, ranar Alhamis ya biyo zai tafi Shinkafi. Ba wanda 'Yar Tasha ta yarda ya kama ta, ta haye katanga ta ƙi sauka, don haka ni aka sa na kira ta. Ta taho da gudu, wutsiya a sama, ta ɗauka wasa ne. Ko da bakin buhun ya rufe ina jin tana kama igiyar daga ciki.

Da la'asar Kawu ya dawo ya miƙa wa Inna buhunta a ninke. Ya ce ya sake ta kusa da rumfar mahauta, ba za ta rasa abin lasa ba. Tarin bai tafi ba sai da aka kai Nasiru asibiti aka yi masa allurai. Ba wanda ya sake ambaton gashin mussa.

Yanzu 'ya'yana suna da tasu kyanwar, tana kwana a kan kujerar falo, kuma in ɗayansu ya yi tari asibiti muke nufa. Hanyar Shinkafi ma ta daina biyuwa yadda muka san ta. Wani lokaci in na ji suna kiran tasu tana tahowa da gudu, sai in tashi in shiga ɗaki. Tawa ma don ta yarda da muryata ta sauko.